Me ya sa dawowa ta fi tafiya daɗewa a jirgi?

Ɗan_Kusiri:
Slm jama'a, dan Allah masu sani ku warware min wani abu. Watan Janairu na tsallaka Injamena na hau jirgi zuwa Santanbul sarin kaya, barci ya ƙi zuwa sai na zuba wa ɗan talabijin ɗin bayan kujera ido, muna saman hamada ya nuna gudun kilomita 950 da wani abu a awa. To ranar dawowa irin jirgin ne dai amma da ƙyar yake taɓa 800, har na ƙosa da zama. Matuƙin ne ya ji tsoro ko mai yake tattali?

Hajiya_Marwa:
Hhhh Alhaji kayan da ka jibgo masa ne, ko jaki ka yi wa wannan lodi ai sai ya rage sauri

Bappa_Logon:
Ni dai na ji an ce duniya ce ke juyawa a ƙarƙashin jirgin shi ya sa

Malam_Injiniya:
Bappa ka yi haƙuri, ba nan take ba. Duniya gabas take juyawa, da ita ce da mai zuwa yamma ne zai riga isa, kuma akasin haka ake gani. Iskar ma tare da duniyar take juyawa.

Alhaji kai da kake bakin kogin Logon ai ka fi kowa sanin amsar. Mai kwale-kwale in ya bi ruwa da in ya yi gaba da ruwa ƙarfin hannunsa ɗaya ne, amma wanda ke tsaye a gaɓa zai ga bambanci. Jirgi gudu biyu gare shi, akwai yadda yake keta iska, wannan kusan baya canzawa, manyan jiragen fasinja irin su Boeing da Airbus suna yin tsakanin 830 zuwa 900 a awa a can sama wajen kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa. Sai kuma yadda yake cin ƙasa, wannan shi talabijin ɗin ya nuna maka, wato gudun jirgin a haɗa da na iska in tana bayansa, a cire in tana gabansa.

A wannan tsayin akwai wata iska mai ƙarfi kamar kogi da ke kwarara daga yamma zuwa gabas, lokacin sanyi takan wuce 200 a awa kuma tana ratsa saman Libiya da Masar, daidai hanyarka. Kai arewa maso gabas ka nufa sai ta ɗan tura ku, da kuka juyo kuma kuka yi karo da ita. Ba laifin matuƙi, kuma ba zai taka wuta ya rama ba don in ya matsa kusa da gudun sauti, wanda a can sama wajen 1,060 ne, fukafukan ba a ƙera su don haka ba ga shan mai kamar me.

A Fabrairun 2020 lokacin guguwar Ciara wani Boeing 747 na British Airways ya taso daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56, tafiyar da ta saba wuce awa 6. Gudunsa a ƙasa ya haura 1,300 amma bai karya gudun sauti ba ko kaɗan, kogin iskar ne ya ɗauke shi. Jirgin fasinjan da ya wuce sauti da ƙarfin kansa Concorde ne, sama da 2,000 a awa, shi kuwa tun 2003 aka ajiye shi.

Hajiya ke ma ba ki faɗi ƙasa warwas ba, nauyi yakan sa jirgi ya kasa hawa can sama da wuri ya kuma ƙara shan mai, amma ba shi zai cire 150 ba.

Garwa_Boy:
Malam Allah ya ƙara basira. Abin da ya ɗaure min kai, gidanmu ba nisa da filin jirgin Garwa, wani lokaci ta wannan gefen suke tashi wani lokaci ta wancan

Malam_Injiniya:
Ƙanena a ƙasa lissafin juyewa yake. Wajen tashi da sauka so ake iska ta bugo ta gaba, don fiffike ya samu iskar da zai ɗaga da wuri tun titi bai ƙare ba, shi ya sa suke sauya gefe. Hazon hunturu kuma da ke hana su sauka ba maganar gudu ba ce, gani ne babu. Af na manta, nan sararinmu da damina iskar can sama daga gabas take zuwa, mai dawowa daga Jidda a watan Agusta ita ke rako shi gida.

Ɗan_Kusiri:
Na gode Malam, wlh har na gama zagin matuƙin a zuciyata, Allah ya yafe min. Hajiya atamfofinki na cikin lodin da kike wa dariya, ki aiko a ɗauka kafin Juma'a