SUM yana ba ni 9:15 maimakon 57:15 a Excel, ina sauran awannin?

Mai_Ƙanƙara:

Assalamu alaikum. Ni ke riƙe da lissafin wani gidan ƙanƙara, kuma maigidana ya ce in riƙa rubuta awannin da janareta ke yi kullum, don mu san dizal nawa yake sha da kuma lokacin juyen mai. Na buɗe Excel, layin A lokacin kunnawa, B lokacin kashewa, C kuma B a cire A. Kowace rana tana fita daidai. Amma da na haɗa na mako da SUM sai ya ba ni 9:15, alhali da biro da takarda awa 57 da minti 15 nake samu. Sannan duk daren da muka kunna 22:00 muka kashe 05:30, sai akwatin ya cika da #######, dole in lissafa da ka in rubuta 7:30 da hannu. A taimaka, ranar Asabar zan kai wa Alhaji lissafi.

Akawun_Kasuwa:

Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, awanninka suna nan, ɓoye su aka yi. A wajen Excel kwana ɗaya shi ne 1, don haka awa 12 ita ce 0.5, awa 6 kuma 0.25. Tsarin h:mm da ke kan akwatinka na nuna agogo ne, agogo kuwa da ya kai 24 sai ya koma sifili. Cire kwana biyu, wato awa 48, daga 57:15 ka ga abin da ya rage. Shi ne 9:15 ɗin da ka gani.

Danna akwatin jimillar, ka latsa Ctrl da 1, ka shiga Custom, ka rubuta wannan a wurin Type:

[h]:mm

Bakan nan mai kusurwa da ya kewaye h shi ke hana awanni komawa sifili. Ni duk layin C nake sa wa, ba jimilla kaɗai ba, tunda akwai ranar da inji zai kwana ya wuni.

Na dare kuma, 05:30 a cire 22:00 lissafi ne da ke faɗawa ƙasa da sifili, Excel kuwa ba ya nuna irin wannan lokacin, shi ya sa yake jera maka #. Sa wannan a C2 ka ja shi ƙasa:

=MOD(B2-A2,1)

Zai ba ka 7:30, kuma ba ya ɓata lissafin awannin rana. Sai dai in aikin ya kai awa 24 ko ya wuce ba a kashe ba, MOD ba zai gane ba. A nan sai ka rubuta kwanan wata tare da lokaci a A da B, ka koma B2-A2 ɗinka.

Hajiyar_Lissafi:

Akawu ya gama magana, amma ɗana, tunda dizal ne dalilin aikin, ga ramin da ke gabanka. Kada ka ninka 57:15 da litar da inji ke sha kai tsaye. A ƙarƙashi lambar 2.385 ce da ɗoriya, wato kwanaki. In a ce injinku lita 3 yake sha a awa, za ka ga kusan lita 7 a mako, Alhaji ya ce ina aka kai sauran man. Fara ninkawa da 24 tukuna, ka mai da akwatin Number, ka samu 57.25, sannan sau 3 ya ba ka 171.75. Ka lura .25 rubu'in awa ne, minti 15, ba minti 25 ba.

Wani abin kuma, ka ja kunnen duk mai taya ka shigar da lokaci ya riƙa sa ruwa biyu, ba aya ba. Mutanenmu sun saba rubuta 7.30. Excel zai ɗauke shi kwana 7.3, a tsarin h:mm ya nuna 7:12, abin da ido zai wuce bai lura ba. Da [h]:mm ne asiri ke tonuwa, don 175:12 zai fito.

Ɗan_Maraɗi:

Ga masu Excel na Faransanci irin namu nan Nijar, fomular ba za ta karɓu da waƙafi ba, sai =MOD(B2-A2;1), SUM kuma SOMME ne. Shi [h]:mm bai canza ba. A Google Sheets ma ba sai ka rubuta komai ba, akwai Duration a ƙarƙashin Format, Number.

Mai_Ƙanƙara:

Allah ya saka da alheri, 57:15 ta fito, na dare ma ya daidaita. Hajiya, in an kawo wuta bayan minti 45 kacal da kunnawa, kuma ina so in rubuta tsawon da hannu fa?

Hajiyar_Lissafi:

0:45 za ka rubuta. In ka sa 45:00 ya zama awa 45, in ka sa 45 zalla kuma kwana 45 ke nan.