Shin zanga-zangar tsadar rayuwa ta taɓa sauke farashin abinci?

Ɗan kasuwar hatsi, Dawanau: Jama'a, ra'ayina shi ne, duk fafutukar da ƙungiyoyin ƙwadago da 'yan gwagwarmaya ke yi kan matakan tsuke bakin aljihu ba ta rage wa talaka ko sisi a kan kwanon gero. A watan Janairun 2012 gwamnatin Jonathan ta janye tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 141, aka yi mako guda ana yajin aiki, a ƙarshe aka daidaita a kan 97. Mu da ke biyan kuɗin dakon buhu mun san cewa direban da ya ƙara kuɗi ba ya saukowa. Tallafin da aka zubar da jini dominsa kuwa, Tinubu ya kawar da shi ranar 29 ga Mayun 2023.

Malamar makaranta, Yamai: Alhaji, ina girmama shekarunka a kasuwa, amma abin da ya faru a Nijar ya saɓa wa maganarka. A farkon 2005 gwamnatin Tandja ta ɗora harajin TVA, wato VAT da ake ɗorawa a kan kayan saye, na kashi 19 cikin ɗari a kan madara da fulawa da sukari, har da ruwan famfo da wutar lantarki, a daidai lokacin da take neman ƙara kuɗin shiga bisa yarjejeniyarta da asusun ba da lamuni na duniya, IMF. Ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa, wanda Nouhou Arzika ya jagoranta, ya fitar da dubban mutane a Yamai ranar 15 ga Maris, bayan mako guda kuma aka kira zaman gida, shaguna suka kasance a garƙame, tasi suka ɓace daga titi. An kama jagororin, amma kafin Afrilu ya ƙare gwamnati ta janye harajin daga madara da fulawa. Wannan sauƙi ne da uwar gida ta gani a hannun mai shago.

Ɗan ƙwadago, Kaduna: Ni ma ina da gyara, ranka ya daɗe. Tsakanin 141 da 97 akwai naira 44 a kowace lita, kuma farashin hukuma bai sake kai wa 141 ba sai a Mayun 2016, lokacin da Buhari ya mayar da shi 145. Shekara huɗu ke nan da 'yan watanni, kuma ba kyautar kowa ba ce.

Manomi ɗan ƙungiya, Maraɗi: Malama, kin faɗi gaskiya, sai dai ki tuna cewa madara da fulawa cimar birni ce. A wannan shekarar ta 2005, bayan ƙarancin ruwan sama da farin ɗango na 2004, rumbuna sun ƙare a karkarar Maraɗi da Damagaram tun kafin damina ta sauka. Kasuwa cike take da gero, amma tiya ta fi ƙarfin wanda ya noma ta, domin ya sayar da araha lokacin kaka ya biya bashi. Gwamnati ta daɗe tana nacewa a kan sayar da hatsi da rahusa maimakon rabawa kyauta, alhali mata na tafasa ganyen anza su ba yara. Abin da ke ci mini rai shi ne, ƙarfin da aka nuna a titin Yamai bai kai ga rumbun ƙauye ba.

Ɗan kasuwar hatsi, Dawanau: To ai ɗan'uwana na Maraɗi ya ƙarfafa maganata.

Manomi ɗan ƙungiya, Maraɗi: A'a Alhaji, ban ce a daina fita ba. Cewa na yi fitar ba ta wadatar idan ba a haɗa ta da tsarin da ke riƙe hatsi a hannun manomi ba. Ƙungiyar MST ta marasa gona a Birazil tun 1984 take mamaye filayen da manyan masu ƙasa suka bari ba noma, ta zaunar da iyalai a kai, yau kuma gamayyoyinta na noma shinkafa suna kaiwa kasuwa. Mu ma muna da bankunan cimaka, inda ƙauye ke sayen gero da kaka ya sayar wa 'ya'yansa da sauƙi idan damina ta tsananta. Buƙatata ga 'yan ƙwadago ita ce, idan sun sake zama da gwamnati, su sa kuɗin cika waɗannan rumbuna a cikin sharuɗɗansu tare da albashi da farashin mai.