Maganin kurkure baki da farin ƙurajen harshe: abin da aka tattauna

An tattauna ne kan ko maganin kurkure baki yana taimakawa wajen farin ƙurajen harshe. Yawancin waɗanda suka yi magana sun yarda cewa maganin kurkure baki mai chlorhexidine (sinadarin kashe ƙwayoyin cuta), mai ƙarfin kashi 0.12 ko 0.2 cikin ɗari, yana rage ƙwayar Candida, wadda ke sa harshe ya yi fari fat kamar an shafa nono. Amma fa taimako ne kawai. Idan abin ya kama sosai, sai magungunan kashe wannan ƙwayar, wato nystatin ko fluconazole, daga hannun likita. An ja kunne kada a haɗa chlorhexidine da nystatin lokaci guda, suna raunana juna, kuma daɗewa a kan chlorhexidine na rina haƙora. Masu haƙoran roba su cire da dare su jiƙa. Wanda abin ke yawan dawo masa, ya je a auna suga da ƙanjamau.