Mai Ƙaho Uku da Mai Sulke: Musayar Baitoci

Kawu na Jidda: Jiya autana ya dawo daga kasuwar Balad da dabbobin roba biyu irin dinosaur, wato manyan dabbobin da suka ƙare tun zamanin da, ɗaya mai ƙaho uku ɗaya mai sulke, ya jera su kan darduma, ya ce, "Baba, in suka kara wa zai kayar da wani?" Na kwana da tambayar. Ga amsata:

Bismillahi na ɗau alƙalamina,
Kan namun dajin da suka daɗe da shuɗewa.
Triceratops nake yi wa kirari,
Mai ƙaho uku, bijimi maras gujewa.
Biyu bisa ido, kowanne kusan mita,
Na ukun kan hanci, gajere na tunkuɗewa.
Garkuwar ƙashi ta rufe wuyansa,
Mita 9 tsawonsa wajen aunawa.
In ya sunkuyar da kai ya taho,
Wa zai tare shi ban da kaucewa?

Ɗan Makka:

Kawu gafara, zan ɗan ja da kai,
Ankylosaurus nake bayansa.
Sulken ƙashi ya tsiro cikin fata,
Tun daga ƙeya har wutsiyarsa.
Gajere ne, ciki dab da ƙasa,
Ina ƙaho zai sami hanyarsa?
Ga kulki can a ƙarshen wutsiya,
Dunƙulen ƙashi, shi ne makaminsa.
Bugu ɗaya a ƙwauri, bijimi ya durƙusa,
Nauyin jikinsa ya zama ajalinsa.

Kawu na Jidda:

Ɗana, kunkuru ma yana da sulke,
A kife shi ka ga ƙarshen jarumta.
Cikin naka ba shi da kariya,
Ƙaho ya shiga ƙasa, ya ɗaga, ya birkita.
An tono ƙahon da T. rex, ƙaton mai cin nama, ya gatsa,
Ƙashin ya warke, alamar ya tsira ke nan da ita.

Yaya ta Madina: Kawu, Allah ya ƙara girma. Wannan baitin na ƙahon da ya warke ya taɓa ni, don shaida ce daga ƙashi. Bari in bi ta wannan hanyar.

Su biyun sun yi kiwo wuri guda,
A Montana ta Amurka aka tono su.
Shekara miliyan 66 ke nan,
Da ƙasa ta rufe labarinsu.
Garkuwar masu ƙaho da yawa da tabo,
Masana sun ce karo ne da 'yan'uwansu.
Wani mai sulke da ake kira Zuul,
Ƙayoyin kwiɓinsa sun karye, sun warke abinsu,
Daidai wurin da kulki ke sauka,
In maza biyu sun gwada ƙwanjinsu.
To in dole sai na zaɓa, Kawu,
Mai kulki nake ba, ko da ka fi son ɗayansu.
Kife dabba mai faɗin baya haka,
Ya fi ƙarfin wuya, ko da wane ne cikinsu.

Ɗan Makka:

Yaya kin gama min magana,
Sai in ƙara abin alfahari.
A Maroko, can Afirka tamu,
Aka sami mai sulke na tun fari.
Spicomellus sunan da aka ba shi,
Ƙayoyi manne da haƙarƙari.

Kawu na Jidda: Na karanta wa auta duka bayan Isha'i. Ya ɗauki mai sulken ya gwada kife shi da ƙahon ɗayan, sau uku yana zamewa. Ni dai har yanzu ina nan bayan bijimina, gobe zan kawo baitoci kan yadda yake juya kansa.