Surukata na son shiga horon shugabanci na matan Latina, me kuka gani?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana yana Los Angeles, matarsa 'yar asalin Meziko ce, 'ya'yansu biyu. Yarinyar kirki ce, ba ni da ta cewa. Tana aiki a asibitin unguwa, ita ce mai bi gida-gida tana wayar wa mata kai kan ciwon suga. Yanzu ta ce za ta nemi shiga horon wata tara na ƙungiyar HOPE, mai koya wa matan Latina ('yan asalin Latin Amurka) shugabanci, har da tafiye-tafiye, kuma ni take so in riƙe yaran. Ɗana ya amince, ni ce hankalina bai kwanta ba. Ba siyasa ba ce za ta raba ta da gidanta?

Wata daga Oakland: Wa alaikumus salam Hajiya. HOPE tun 1989 take a nan Kalifoniya, ba jam'iyya ba ce. Suna kai matan Sacramento, babban birnin jihar, da Washington su ga yadda ake tsara doka da kasafin kuɗi, su koyi tsayawa gaban ɗan majalisa su faɗi buƙatar unguwarsu cikin 'yan mintuna ba tare da murya ta yi rawa ba. Akwai waɗanda daga baya suke takara, wannan gaskiya ne, amma da yawa kwamitin makaranta ko na asibiti suke shiga. Kuma ba wata tara za ta yi a waje ba, zama ne jefi-jefi na 'yan kwanaki.

Wani daga Bronx: Mama, ki ce ta kawo miki jadawalin kwanakin tun yanzu, a san ranar da uban yaran zai karɓe ki. Riƙon jikoki a Amurka ba irin na gida ba ne, ba maƙwabciyar da za ki miƙa wa goyo.

Wata mai aikin kula da tsofaffi: Ni kam zan goyi bayanta. Dokar kare masu aikin gida da Kalifoniya ta yi a 2013, wadda ta ba irinmu kuɗin ƙarin lokaci, matan Latina na ƙungiyar Mujeres Unidas y Activas suna cikin waɗanda suka yi ta sintiri a Sacramento kafin ta tabbata. Masu shara da raino ne, wasu ko Turanci ba su ji sosai. Mu da muka zo daga Zinder da Kumasi muna cin moriyarta.

Mai tambaya: Na gode. Na kira ta, jibi za ta zo da jadawalin. Sharaɗina ɗaya: tafiyar da ta faɗo cikin azumi, mahaifiyarta ce za ta zo ta kama mini.