Muhawara: Siddabarun hoto kaɗai ne ke riƙe da fina-finan mamayar baƙin halittu?

Malam Bello: Ra'ayina shi ne, fina-finan da Hollywood ke narka maƙudan kuɗi a kansu, inda halittun wata duniya ke saukowa su ragargaza birane, ba su da abin ba mai kallo in ban da ƙara da wuta. Ku dubi Independence Day na 1996. Halittun da kumbonsu ɗaya ke rufe birni guda da inuwa, wai mutum ɗaya ne da kwamfutar tafi-da-gidanka ya tura wa uwar kumbon ƙwayar cutar kwamfuta, garkuwarsu ta faɗi. Wannan raina hankalin mai kallo ne.

Hajara: Malam, ƙarshen kam ya yi rauni, amma ina ganin ba ka yi wa ma'aikatan adalci ba. Fashewar Fadar White House ba kwamfuta ce ta zana ta ba. Ƙaramin samfurin ginin aka ƙera da hannu, aka dasa masa nakiya, aka tayar a gaban kyamara. Ita kuwa wutar da ke malala a kan tituna tana haɗiye motoci, samfurin birnin aka jingine a tsaye, aka ɗora kyamara daga sama, domin wuta sama take nufa, sai ta zo wa mai kallo kamar ambaliya. Aikin ya ci lambar yabo ta Oscar, fim ɗin kuma ya tara sama da dala miliyan 800.

Sani: Yaya Hajara, cinikin tikiti ba hujja ba ce, kuma idan hujja ce, to tana cin mai ita. A 2016 darakta Roland Emmerich ya dawo da kashi na biyu, kumbon ya ninka girma, ɓarnar ta ƙaru, amma abin da ya shigo bai kai rabin na farko ba. Idon da ya ga birni ya rushe sau goma ya daina girgiza.

Malama Rabi: A nawa ganin, laifin ba na siddabarun ba ne, tambayar ita ce a ina kyamara ta tsaya. A War of the Worlds na Steven Spielberg, na 2005, ba a kai mu zauren janar-janar ba, muna bin wani uba da 'ya'yansa biyu suna gudu. Akwai wurin da ya dawo gida bayan harin farko, ya dubi madubi, ya gane cewa tokar da ta lulluɓe masa fuska ta mutanen da aka ƙone a gefensa ce, ya shiga wanke ta a ruɗe. Shekara huɗu kacal bayan harin 11 ga Satumban 2001, babu Ba'amurken da yake buƙatar a yi masa bayanin wannan tokar.

Malam Bello: Na karɓi wannan, Malama, amma har shi ya bar abu mafi nauyi a baya. H. G. Wells, wanda littafinsa na 1898, tushen wannan fim na Spielberg, ya haifi wannan salon, tun a babin farko ya tuna wa Turawa yadda suka ƙarar da mutanen tsibirin Tasmaniya da ke kudu da Ostireliya, wato ya ce su ɗanɗana abin da suka shayar da wasu. Fina-finan sun juya tambayar: mai ƙarfi ne ke wasan wanda aka zalunta, sauran ƙasashe kuma su zauna jiran Amurka ta kawo dabara.

Sani: Ai District 9 na 2009 ya dawo da tambayar, Malam, da kuɗin da bai wuce dala miliyan 30 ba, inda 'yan Adam ne suka killace baƙin a sansani a Johannesburg.

Hajara: Ya dawo da ita, sannan ya nuna 'yan Nijeriya a matsayin 'yan daba masu cin naman baƙin, har gwamnatin Nijeriya ta nemi gidajen sinima su daina haska shi. Kuma ka sauya mana batu, Sani, domin waɗancan halittun ba mamaya suka kawo ba, maƙalewa suka yi.