Bankin garinmu ya rufe, gumina na shekara 6 yana ciki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara 6 ina tuƙi a Jidda. Abin da ya rage bayan haya da kuɗin iƙama (takardar izinin zama) nakan tura wa ƙanena, shi kuma ya zuba a ƙaramin bankin garinmu. Manajan ɗan unguwarmu ne, tare muka yi makarantar allo. Har gida yake zuwa karɓa, ya rubuta a ɗan littafin ajiya, ya buga hatimi. Watan jiya aka wayi gari an garƙame bankin da kwaɗo, an liƙa takardar soke lasisi. Littafina yana nuna naira miliyan 4 da dubu 700. Da ƙanena ya je tantancewa, aka ce dubu 900 kacal ke cikin kwamfuta. Wayar manaja a kashe. Yanzu dattawa sun zo wajen mahaifiyata, wai a rufa asiri, danginsa za su riƙa biya kaɗan-kaɗan. Kafili, wato maigidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, kuma ba zai ba ni hutu ba sai bayan Hajji. Me zan yi?

Wani tela daga Makka: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar maka da alheri, ɗan uwa.

Tsohon ma'aikacin banki, Riyad: Malam, matsalarka biyu ce, kada ka haɗa su. Dubu 900 ɗin nan hukumar inshorar ajiya, NDIC, ce za ta biya. Da can iyakar abin da take biyan mai ajiya a ƙaramin banki dubu 200 ne, haka aka yi da waɗanda abin ya shafa a 2023, lokacin da Babban Banki ya soke lasisin ƙananan bankuna 179. A 2024 aka ɗaga zuwa miliyan 2, don haka naka ya shiga. Ka cike fom ɗinsu ta intanet, ka ba da BVN da lambar wani asusunka mai aiki. Sauran kuɗin kuwa bai taɓa shiga banki ba, aljihun mutum ya shiga. Wannan zamba ce, ta 'yan sanda ko EFCC. Littafin nan mai hatimi shi ne hujjarka. A ɗauki hoton kowane shafi yau, kuma kada ƙanenka ya miƙa wa kowa na asali sai an ba shi takardar shaida.

Hajiya daga Madina: Ɗana, ni dai na ga irin wannan sulhun. Biya biyu za su yi, na uku sai ka ji ana rashin lafiya a gidan. In za a yi, a yi a rubuce gaban lauya, a ajiye takardar fili ko gida jingina. Kuma ka cire mahaifiyarka daga maganar, kunyar maƙwabta za ta sa ta yafe abin da ba nata ba.

Wani daga Ɗa'if: Ai da ka sayi shanu.

Hajiya daga Madina: Kai kuma, shanun ba a kora su ne? Mutum na cikin zafi.

Ɗalibi a Jami'ar Musulunci, Madina: Yaya, ba sai ka bar aikinka ba. Ka tuntuɓi ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke nan Jidda kan takardar wakilci, ƙanenka ya tsaya maka. Ku nemo sauran waɗanda manajan yake bi gida-gida, ku shigar da ƙara tare.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na kira ƙanena, ya ce ya san mutum 5 masu irin littafin nan, har da mai koko ta bakin masallaci. Hajiya, maganarki gaskiya ce, don Inna ta riga ta ce musu ba komai. Yanzu ta yaya zan warware wannan ba tare da na saɓa mata ba?